Darasi: Yadda Za Ka Gano Matsalar Kafireta a Tsohon Babur Mai Ƙafa Huɗu, Ka Gyara da Kanka

 Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhajoji, mu leƙa cikin inji. Amma kada ka ajiye wayar taka nesa, domin tana cikin kayan aikin da za mu yi amfani da su.

A ce ka samu tsohon babur mai ƙafa huɗu, irin wanda aka fi sani da ATV, wanda ake shiga gona da daji da rairayi da shi. Ko dai na hannu ka saya, ko kuma ya daɗe a jingine a gida babu mai hawa. Ka zuba mai, ka murɗa makulli, ka danna sitata, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Ko ya kama, da ka taɓa totur sai ya mutu. Ko kuma ka wayi gari ka tarar da fetur ya malale a ƙarƙashinsa. Sau da yawa irin wannan rigima daga kafireta take.

Abin da ya sa muka ware wa wannan batu darasi guda shi ne, mutane da yawa kan yi asara ta hanya biyu. Wani zai jefar da kafireta ta asali mai lafiya ya sayi ta jabu, alhali wani ɗan rami ne da bai kai kaurin allura ba ya toshe. Wani kuma zai ci gaba da hawa da kafireta mai ba inji mai kaɗan, har zafi ya lalata fistin. Idan ka fahimci yadda abin yake aiki, duka biyun ba za su same ka ba. Kuma ilimin ba na ATV kaɗai ba ne: kusan duk abin da za mu faɗa a nan ya shafi babur ɗin haya da ƙaramin janareto da injin ban ruwa.

Wane irin babur muke magana a kai?

A shekarar 1970 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da wani babur mai ƙafa uku da manyan tayoyi, wanda daga baya aka san shi da ATC90. A 1982 Suzuki ya kawo LT125 mai ƙafa huɗu. Saboda yawan kifewa da masu ƙafa uku suke yi, an daina sayar da sababbinsu a Amurka tun 1988, sai masu ƙafa huɗu suka mamaye kasuwa.

Tsofaffin da suka yi suna sun haɗa da Honda FourTrax 300 wanda aka yi daga 1988 zuwa 2000, da Yamaha Big Bear da Banshee da Blaster, da Kawasaki Bayou, da Polaris Sportsman 500 na farko-farko. Dukkansu da kafireta suke aiki, kuma yawanci ta kamfanin Keihin ce ko ta Mikuni, su ma na Japan. Daga shekarun 2000 ne manyan ATV suka fara komawa tsarin injekta, inda kwamfuta ke auna mai. Saboda haka abu na farko: leƙa tsakanin inji da akwatin iyakilina. Idan ka ga wani ƙarfe mai ɗan kofi a ƙasansa da tiyon mai yana shiga, kafireta ce, wannan darasi naka ne.

Yadda kafireta take aiki

Fetur ba ya ƙonewa a inji sai ya gaurayu da iska. Gaurin da ya fi ƙonewa tsaf shi ne kusan giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur. Aikin kafireta ke nan: ta auna, ta gauraya, ta miƙa wa inji.

A tsakiyarta akwai maƙogwaro wanda ya ɗan tsuke. Idan fistin ya sauka ya zuƙo iska, iskar kan ƙara gudu a wurin da ya tsuke, ƙarfin matsinta ya ragu, sai ta jawo fetur daga kofin da ke ƙasa ta wasu ƙananan ramuka. Masana na kiran wannan maƙogwaro da sunan Venturi, wani masanin kimiyya ɗan Italiya. Babu famfo mai turawa, babu kwamfuta. Zuƙar iska ce kawai take aikin. Shi ya sa ɗan datti ko 'yar ɓula suke iya rikita komai.

Sassa biyar ne ya kamata ka riƙe:

1. Kofi da fulot. Kofin ƙasa shi ne rumbun mai. A cikinsa akwai fulot, wani abu mara nauyi da ke iyo a kan mai. Idan mai ya cika, fulot ya taso ya tura wata gajeriyar allura ta toshe hanyar shigowa. Idan mai ya ragu, ya sauka ya buɗe. Daidai yake da abin da ke cikin tankin ruwan masai na zamani.

2. Ƙaramin jet, wanda makanikai ke cewa jet ɗin silo. Shi ke ba da mai daga lokacin da inji ke silo har zuwa kusan kwata na totur. Raminsa ne mafi ƙanƙanta, don haka shi ne kan fara toshewa.

3. Doguwar allura. Tana maƙale da wani ƙaramin fistin mai hawa da sauka a cikin maƙogwaro. Ita ke iko da mai daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na totur. A wasu kafiretocin wayar totur ce ke ɗaga wannan fistin kai tsaye. A wasu kuma wata siririyar fatar roba ce a saman kafireta take ɗaga shi da ƙarfin zuƙar iska.

4. Babban jet. Shi ke aiki daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshen totur.

5. Cok. Shi ke ƙara wa inji mai lokacin da yake da sanyi. A wasu injuna rufe hanyar iska yake yi, a da yawa daga cikin ATV kuma wata hanyar mai ta daban yake buɗewa.

Ka lura da wannan rabon aiki da kyau, domin shi ne mabuɗin darasin gaba ɗaya. Idan ka san a wane matakin totur babur yake rigima, ka san wane sashe za ka zarga.

Kalmomi biyu kuma za su riƙa dawowa. Idan muka ce “mai ya yi yawa”, muna nufin fetur ya rinjayi iska a gaurin. Idan muka ce “mai ya yi kaɗan”, iska ce ta rinjaya. Na farko yana ɓata fulogi da ɓarnar fetur. Na biyu ya fi haɗari, domin yana sa inji zafi fiye da kima, musamman irin Banshee da Blaster waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur.

Kafin ka taɓa kafireta

Inji na bukatar abu huɗu kafin ya tashi: mai, iska, wuta da matsi. Kafireta biyun farko kawai ta shafa. Kada ka kwance ta sai ka wanke sauran daga zargi. Wannan bincike ba zai ci maka minti talatin ba.

Wuta. Duba makunnin kashe inji da ke kan kambu, domin mutane da yawa sun sha wahala a banza saboda shi. Tabbatar babur yana furi, kuma batir yana da ƙarfi. Cire fulogi, mayar da shi cikin hularsa, jingina jikinsa da ƙarfen inji nesa da ramin fulogin, ka danna sitata. Ya kamata ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Idan babu, matsalar ta wuta ce.

Launin fulogi. Tunda ka cire shi, karanta shi. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara, lafiya lau. Baƙi mai busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Jiƙe da fetur, mai yana zuwa amma ba ya ƙonewa. Busasshe ƙarau bayan ka daɗe kana danna sitata, mai ba ya isowa. Baƙi mai maiƙo a injin da ba a haɗa masa baƙin mai da fetur, wannan alamar zoben fistin ne ko wani abu a kan inji.

Fetur ɗin kansa. Tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske ka ɗaga. Sabon mai garau yake. Tsohon mai kan yi duhu, ya yi wari kamar na fenti. Idan akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, domin ya fi fetur nauyi. Mai yana fara lalacewa idan ya yi watanni a ajiye, kuma a wuri mai zafi abin ya fi sauri.

Hanyar mai. Cire tiyo daga jikin kafireta, sa bakinsa a kwalba, buɗe famfon tanki zuwa ON. Mai ya kamata ya zubo da ƙarfi, ba ɗigo ba. Gwada RES ma. Idan famfonka yana da PRI, to mai aiki da zuƙar inji ne, sai ka gwada a can. Idan mai ya fara zuba ya tsaya, buɗe murfin tanki. Idan ya ci gaba da zuba, hanyar numfashin murfin ce ta toshe.

Iska. Buɗe akwatin iyakilina. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye, ɓera kan yi gida a ciki. Soson da ya cika da ƙura yana shaƙe inji, wanda ya ruɓe kuma yana tura gutsattsarinsa cikin kafireta.

Matsi. Idan inji yana juyawa sakwai-sakwai babu tauri, ko yana wahalar tashi duk da komai daidai ne, a duba saitin bawul da ƙarfin matsi. Wanke kafireta sau goma ba zai gyara wannan ba.

Alamomi da abin da suke nufi

Yana tashi da cok, yana mutuwa da an cire cok. Wannan ita ce alamar da aka fi gani a babur ɗin da ya daɗe a ajiye. Ƙaramin jet ya toshe, cok ne kawai ke ciyar da inji. Dalili na biyu shi ne iskar sata, wato iska tana shiga ta wata ɓaraka a robar da ta haɗa kafireta da inji.

Silo yana hawa da kansa, ko yana jinkirin sauka bayan ka saki totur. Mai ya yi kaɗan. Duba robar nan da kyau, ka lanƙwasa ta da yatsa kana haskawa da fitilar waya, tsagewa takan ɓuya a ƙasa. Wasu kan fesa ɗan maganin wanke kafireta a wurin yayin da inji ke silo, idan ƙara ta canza to akwai ɓaraka. Dabarar tana aiki, amma maganin yana kama wuta, don haka a yi ta a fili, kafin inji ya yi zafi, kuma kaɗan-kaɗan. Ka kuma tabbatar wayar totur ba ta maƙale ba: juya kambu hagu da dama, idan ƙarar inji ta canza, wayar ce.

Yana nutsewa idan ka danna totur, kamar numfashi ya ɗauke masa. Nan sai ka kasa kunne. Idan ƙarar ta yi kama da shaƙewa, “booo”, kuma jan cok kaɗan ya sa abin ya yi sauƙi, mai ya yi kaɗan. Idan yana gurnani da tari, “bur-bur-bur”, da baƙin hayaƙi, kuma jan cok ya ƙara ɓata lamarin, mai ya yi yawa. Wannan gwaji na cok kyauta ne, kuma yana raba gardama nan take.

Silo lafiya, amma babu ƙarfi a tsakiyar totur. Zargi doguwar allura da bututun da take shiga, wanda yake da ƙananan ramuka a gefensa. Idan kafiretarka mai fatar roba ce, cire fatar ka ɗaga ta gaban fitilar waya. Ɓula ko da ta kai kan allura ce ta isa ta hana fistin ɗin tashi yadda ya kamata.

Komai lafiya sai a cikakken totur. Babban jet ya toshe, ko mai ba ya shiga kofi da saurin da ake shan sa. Idan babur yana gudu na ɗan lokaci ya mutu, ya huta kaɗan ya sake tashi, koma kan famfon tanki da filta da murfin tanki.

Fetur yana zuba ta siririn tiyon ƙasa. Allurar fulot ba ta rufewa. Ko datti ya maƙale a mazauninta, ko kanta ya cinye, ko fulot ya ɓule ya sha mai ya nutse. Rufe famfon tanki nan take. Ɗan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar sukundireba yakan saki allurar da ta maƙale, amma wannan na fita daga daji ne kawai. Kuma ka zaro sandar baƙin mai ka sansana. Idan yana warin fetur ko ya ƙaru a ma'auni, fetur ya gangara cikin inji, sai an canza baƙin mai kafin a tayar.

Yana harbi ta salansa idan ka saki totur. Yawanci mai ya yi kaɗan a silo, ko iska na shiga ta mahaɗar salansa. Idan kuma ta bakin kafireta yake atishawa, nan ma ƙarancin mai ne, ko bawul ɗin shiga ba ya rufewa sosai.

Kwancewa da wankewa

Kayan aiki: sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, ƙananan sifana, filaya, gwangwanin maganin wanke kafireta, farin tsumma, faranti, tabarau na kariya, da wayarka. Idan da hali, sayi ƙunshin kayan gyara na irin kafiretarka, wanda ke zuwa da gasket da zobban roba da allurar fulot.

Yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Babu sigari, babu murhu, babu janareto mai aiki a kusa. Bari inji ya huce, ka cire wayar batir ta baƙi.

Mataki na 1. Ɗauki hoto. Kafin ka cire komai, ɗauki hoton kafireta ta kowane gefe, musamman inda kowane tiyo ya shiga. Bayan kowane mataki ka ƙara ɗauka. Idan an zo haɗawa za ka bi hotunan daga na ƙarshe zuwa na farko. Ka kuma nemi littafin gyara na samfurin babur ɗinka a intanet, ka sauke shi a waya, domin duk alƙaluman da za ka bukata suna ciki.

Mataki na 2. Rufe famfon tanki, kwance notin da ke gindin kofi, tsiyaye man cikin kwalba. Dubi abin da ya fito. Ruwa ko tsatsa na gaya maka tanki ma yana bukatar wanki.

Mataki na 3. Sassauta ɗaurin robobin gaba da baya, cire wayar totur da ta cok, zaro kafireta. Cusa tsumma mai tsabta a bakin inji don kada wani abu ya faɗa.

Mataki na 4. Wanke bayanta tukuna, sannan ka buɗe kofi. Notocin kafiretar Japan suna kama da masu baki huɗu na yau da kullum, amma tsarinsu JIS ne, kuma kansu yana saurin cinyewa. Zaɓi sukundireba da ya zauna daram, ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa.

Mataki na 5. Zare sandar da ke riƙe da fulot a hankali. Kada ka buge ta da guduma, domin ginshiƙan da ke riƙe da ita suna karyewa, kuma idan suka karye kafiretar ta tafi. Girgiza fulot kusa da kunne; idan ka ji motsin ruwa a ciki, ya ɓule. Dubi kan allurar: idan ka ga zobe ya fito a jikinsa, canza ta.

Mataki na 6. Kwance babban jet da ƙaramin jet da bututun allura. Akwai lamba a jikin kowane jet. Yi amfani da kyamarar waya ka zuƙo hoton, ka kwatanta da lambar da ke littafi. Wani lokaci wanda ya riga ka mallakar babur ɗin ya canza su.

Mataki na 7. Notin gauri. Kafin ka cire shi, ɗaure shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙarshe, ba tare da matsawa ba. Rubuta adadin a waya. Sannan ka kwance shi. Yawanci akwai sifirin da ƙaramin wasa da zoben roba a tare da shi, ka tabbatar duk sun fito.

Mataki na 8. Ware duk abin da yake roba gefe guda, domin maganin wanki yana kumbura roba. Sa tabarau. Fesa magani a kowane rami na jikin kafireta, ka tabbatar ya fito ta wani wuri. Mafi muhimmanci su ne ƙananan ramukan da ke cikin maƙogwaro ta ɓangaren inji, inda man silo ke fitowa.

Mataki na 9. Ɗaga kowane jet gaban haske. Ya kamata ka ga rami zagayayye tsaf. Idan ya toshe, jiƙa shi a magani, sannan ka zura silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi ko gashin buroshi na roba. Kada ka sa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Jet na tagulla ne, da ka faɗaɗa ramin ko yaya, ma'auninsa ya lalace har abada. Idan ƙaramin jet ya ƙi buɗewa, sabo ya fi arha a kan wahalar.

Mataki na 10. Hura iska ta kowace hanya, da injin iska na mai faci ko famfon keke. Mayar da komai bisa hotunanka. Jet ba ya son matsi da yawa, ya zauna kawai ya isa.

Saitawa

Fara da tsayin fulot. Karkata kafireta har harshen fulot ya taɓa ɗan tsinken da ke bayan allura ba tare da ya danna shi ba, sannan ka auna daga leɓen da kofi ke zama zuwa saman fulot. Adadin milimita ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, yana cikin littafi. Idan harshen na ƙarfe ne ana lanƙwasa shi kaɗan don gyara. Idan na roba ne ba a saita shi, sai dai canji. Mai ya yi sama a kofi, inji zai sha da yawa. Ya yi ƙasa, zai ji ƙishi.

Kafin ka mayar da kafireta jikin inji, haɗa mata tiyon mai ka buɗe famfo na 'yan mintuna. Idan ba ta zuba ba, ci gaba.

Mayar da notin gauri adadin da ka rubuta. A injuna da yawa yana tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi daga rufe. Ka san wane iri ne naka: idan notin yana ɓangaren inji, mai yake buɗewa, kwance shi ƙara mai ne. Idan yana ɓangaren iyakilina, iska yake buɗewa, kwance shi rage mai ne.

Mayar da iyakilina da murfinsa kafin ka saita, domin saitin da aka yi babu su ba zai zauna ba. Tayar da inji a fili, ba a cikin ɗaki ko rufaffen gareji ba, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Ka ja birkin ajiya. Bari ya yi zafi kamar minti goma, ka cire cok. Juya notin gauri kwata-kwata, kana jiran daƙiƙa kaɗan bayan kowane juyi, har ka samu inda inji ya fi sauri da santsi. Sannan ka daidaita notin silo. Yawancin irin waɗannan injuna suna zama lafiya a wajen zagaye 1,200 zuwa 1,500 a minti. A babur mai kulocin da ke kama kansa, silo mai yawa yana sa shi fizga da an sa giya, kuma wannan haɗari ne.

Idan sai ka kwance notin mai ya wuce zagaye uku kafin inji ya daidaita, hanyar silo ba ta gama wankuwa ba. Koma ciki.

Bayan haka sa hular kwano, ka yi gwaji a fili mai faɗi: kwata na totur, rabi, sannan cikakke. Idan inji ya huce, sake duba launin fulogi.

Abin da yanayinmu ke ƙarawa

Littattafan waɗannan babura an rubuta su ne da tunanin masu hawa a Amurka da Turai, inda babbar matsalar ita ce ajiye babur duk tsawon lokacin sanyi da mai mai ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, wanda ke jawo danshi. A nan namu abokan gabar daban ne. Ƙurar hunturu tana cika soson iyakilina da wuri, saboda haka a riƙa wanke shi akai-akai, a shanya, a shafa masa ɗan mai a matse. Man 'yan bumburutu da ake ɗurawa daga jarka zuwa kwalba yakan zo da yashi ko ruwa, sai a tace shi kafin a zuba, a kuma sa ƙaramar filta a tiyo. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Najeriya a farkon shekarar 2022 ba, wanda ya lalata wa mutane motoci. Idan babur ya fara rigima daidai bayan ka sha sabon mai, man za ka fara zargi.

Tudu ma yana da tasiri. A wuri mai bisa irin Jos ko tsaunin Mambila iska ba ta da kauri kamar ta ƙasa, don haka kafiretar da aka saita a Legas takan ba da mai fiye da bukata a can.

Idan za ka ajiye babur fiye da wata guda, rufe famfon tanki ka tsiyaye kofin kafireta. Aikin minti biyu ne, kuma shi ne ke hana yawancin abin da muka lissafa a sama. Rigakafi ya fi magani.

Gyara ko sabuwa?

Idan jikin kafireta bai tsage ba, ginshiƙan fulot ba su karye ba, tsatsa ba ta cinye hanyoyin ciki ba, riƙe ta asali ka canza mata robobi da allura. Masu arhar da ake sayarwa a intanet wasu suna aiki, amma sau da yawa jet ɗinsu ba ya zuwa daidai da ma'aunin injinka. Idan dole ta sa ka saya, kada ka jefar da tsohuwar. Jet ɗinta da allurarta za su iya yi maka rana.

Idan ka wanke, ka saita, babu iskar sata, wuta tana da kyau, amma rigimar ba ta ƙare ba, lokaci ya yi da za ka je wurin makaniki a auna matsi da bawul. Ɗauki bidiyon ƙarar injin da wayarka, ka tafi da hoton fulogi da lambobin jet da adadin zagayen notin gauri. Wanda ya je gareji da waɗannan bayanai ba zai biya kuɗin lalube ba.

A nan za mu dakata. Ka adana wannan darasi a wayarka, domin ranar da babur zai ƙi tashi a tsakiyar gona ba lallai ne a samu sabis ba. Sai mun haɗu a darasi na gaba.